Wadda ta mayar da Baba kan layinsa

Kullum ita ke riga kowa isa maɗaba'ar. Ta kunna kwamfutoci ɗaya bayan ɗaya, ta hure ƙurar madannai, ta leƙa ƙarƙashin tebura ta ga wace waya ƙafar wani ta tuge. Shekara ashirin da uku ke nan Anti Gyara tana wannan hidima, ƙarshen watan nan za ta yi ritaya.

Cikin ayyukanta, wanda ma'aikata ba sa gajiya da ba da labarinsa shi ne na Baba Mai Jan Biro, dattijon da ke tace kurakurai. Ganinsa ya yi rauni, sai an ƙara wa haruffa girma har layi uku su cika allo. A lokacin yana tace wani ƙamus mai shafi ɗari tara, duk a fayil guda. Ita kuwa manhajar rubutun, da an rufe an buɗe sai ta mayar da mutum layin farko. Baba ya yi ta gangarawa, hanci a jikin allo, yana laluben inda ya tsaya. Sau biyu yana tsallake shafuka bai sani ba. Manaja ya fara zancen sallamarsa.

Anti ta ja kujera kusa da shi. "Baba, me kake nema tun ɗazu?"

"Aikin jiya, 'yata. A harafin K na bar shi, ya yi ƙafa."

Kwana uku tana haƙura da abincin rana, tana bin bayanan manhajar. Ta rubuta umarni layi shida a saitin manhajar, ta gwada, ya ƙi, ta sake. Ranar Laraba Baba ya buɗe ƙamus, sai ga 'yar alamar nan mai ƙiftawa a allo zaune daram a kan kalmar da ya bari.

"Ikon Allah! Wa ya gaya mata?"

"Na koya mata riƙe wuri ne, Baba."

Shekara huɗu ya ƙara a kujerarsa, sai da ya ga dama ya tafi da mutuncinsa. Ƙamus ya fito, babu sunanta ko a bango.

Ke ce mai ganin wahalar da mai ita ke kunyar faɗa. Ke ce kika tsare wa dattijo abincinsa, ba ki taɓa yi masa gori ba. Mun gode, Anti, Allah ya sa ki huta lafiya. Ku kuma masu shigowa wannan sana'a, kafin ku taɓa na'ura, ku fara duban mutumin da ke zaune a gabanta.