Kwanton Baba a Tashar Tram

Ban taɓa sanin ana farautar talo-talo ba sai da Baba ya zo London. A garinmu talo-talo tsuntsun tsakar gida ne, ba abin da ya iya sai kumburi da korar yara, ba wanda zai ɓata albarushinsa a kansa. Mijina ne ya ga surukinsa ya gaji da zaman ɗaki bayan aikin ido da aka yi masa, sai ya nemo masa wani shiri a talabijin inda Turawan Amurka suke bin talo-talon daji. Baba maharbi ne tun yana saurayi. Bayan noma, zabin daji da fakara su ne aikinsa, a bakin dajin da ke kudu da Kano. Ya zauna a kan darduma, don bai taɓa yarda da kujerunmu ba, ido ɗaya a rufe da auduga, yana kallon wani ƙato da ya lulluɓe kansa da ganye yana ta busa wani abu mai irin kukan macen talo-talo.

"Uwata," ya ce, haka yake kirana saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "wannan wane lokaci ne a wurinsu?"

Na ce masa yamma ce.

"To yau sai dai ya ci ganyen da ya yafa."

Muka yi ta dariya, shi kuwa ko murmushi bai yi ba. Ya gyara zama ya fara yi mana karatu. Ya ce da safe tsuntsu yana da surutu, yana neman 'yan'uwansa, in ka kira zai amsa, har ya biyo muryar. Amma da rana ta karkata ya riga ya sha tsoro iri-iri, ya koyi shiru. Wanda ya bi shi a lokacin zai kore shi, wanda ya cika kira zai tona kansa. Abin da ake yi shi ne a san inda suke birgima a ƙasa, a san mashayarsu, a san bishiyar da suke kwana, sai a zauna a kan hanyar da ke tsakani, rana tana bayanka. Kuma kada ka kuskura ka zauna a gindin bishiyar kwanan. In ka firgita su a makwanci sun bar wurin ke nan, ba za ka ƙara ganinsu ba.

Ni dai ina ji ne kawai ina ninke kayan yara. Ban san a kan yayana za a yi aiki da karatun ba.

Yaya shi ne ɗan farin Baba, shi ya fara zuwa ƙasar nan karatu, ni na biyo baya da aure. Karatun bai ƙare ba, takardunsa suka mutu, ya shiga ayyukan ɓoye. Duk da haka yana zuwa gidana cin tuwo, yana kiran gida. Da Inna, mahaifiyarmu, ta kwanta ciwon ajali ta yi ta tambayarsa, shi kuwa ya san in ya fita ba zai dawo ba, bai je ba. Ni na je na dawo. Tun daga ranar da aka binne ta ya daina ɗaukar waya, daga baya lambar ta mutu, ɗakin da yake haya na tarar da wasu a ciki. Shekaru suka wuce. Na yi kuka, na yi cigiya, daga baya na koma fushi, kuma fushin ya fi mini sauƙin ɗauka.

Baba bai taɓa tambayata shi kai tsaye ba. A gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari, ba a nuna damuwa da shi a gaban mutane. Tun tasowata ban taɓa jin sunan Yaya a bakin Baba ba, sai dai ya ce "wancan" ko "babban naku". Amma na san ba don ido kaɗai ya yarda ya hau jirgi ba. Mutumin da ya shekara yana cewa yanar idonsa ba ta dame shi ba, rana ɗaya ya aiko cewa ya amince.

Labarin ya zo ne daga wani mahauci ɗan Ghana da nake sayen nama a wurinsa a unguwar Croydon. Yana daddatsa mini ƙashi ya ce, "Hajiya, ɗan'uwanka, dogon nan, na gani shi. Kullum da la'asar yana sauka daga tram, jirgin ƙasan nan na cikin gari, can ƙasa, da rigar aiki. Ba ya gaisuwa, kai ƙasa kawai."

Ban san yadda na iso gida ba. Na ajiye naman ko firij ban sa ba, na ce, "Baba, an ga Yaya. Gobe zan yi cancel ɗin shift ɗina, ba zan je aiki ba, in je in tsaya a ƙofar tram ɗin, wallahi ko a rigarsa sai na riƙe shi."

Baba ya tambaye ni ko mahaucin ya san gidan Yaya. Na ce zan sa a bi shi a gano.

"Kada ki yi. Mutum ya samu inda yake kwanciya da rai, ki je ki tayar da shi? In ya bar nan ina za mu same shi? Ki kai ni hanyar kawai."

Na ce, "Baba, ɗanka ne fa, ba zabo ba."

"Na sani. Shi ya sa ba na son kuskure."

Ya sa na yi masa alkawari ba zan kira Yaya ba, ba zan bi shi ba, ba zan aika kowa ba. Na yi alkawarin raina a ɓace.

Ranar farko da na kai shi tashar bai zauna ba. Ya zagaya ta yana tafiyar nan tasa ta sanɗa, hannu a baya, yana duba inda mutane suke sauka da inda suke watsuwa. Ya ƙi bencin da ke kan dandamali, ya ce ya yi kusa. Ya zaɓi wani can gefe, kusa da shagon biredi, inda rana take faɗowa daga bayansa ta haske fuskar duk mai tahowa. Ya sa na ba shi tsohuwar jaket ɗin mijina mai ruwan toka ya ɗora a kan jamfarsa. Hularsa ce kawai ya ƙi cirewa, ya ce shi bai taɓa zama a waje kai ba hula ba, ba kuma a ƙasar mutane zai fara ba. Na ce masa maharbin da ya yi wa Bature dariyar ganye ga shi da farar hula kamar fitila. Ya harare ni da idon da aka gyara.

Daga nan ya zama aikinsa. Ya yi azahar, ya ci abinci, ya ɗauki carbinsa da katin mota. Ya koyi hanyar da kansa, mutumin da bai iya karanta ko alama ɗaya ba, da shaguna da bishiyoyi yake gane wuri. In lokacin la'asar ya yi sai ya shimfiɗa ɗan ƙyallensa a bayan bencin ya yi sallah ya koma. Mai shagon biredin har ta saba, tana miƙo masa shayi. In ina hutu nakan bi shi, amma ba ya son zuwana. Ya ce ina da motsi da yawa, ina waige-waige, ina taɓa waya, wai da ni aka haifa namiji da yunwa ta kashe gidan.

Kwanaki suka yi ta tafiya ba mu ga kowa ba. Sanyi ya fara shigowa, rana ta fara faɗuwa da wuri. Likita ya ce idon ya warke sarai, bizar Baba kuma ta kusa ƙarewa. Ina kallonsa yana dawowa da magariba yatsunsa sun sandare, yana cewa ba komai, zaman daji ya fi wannan. Tausayinsa ya cika ni, kuma haushin Yaya ya ƙaru.

Ranar da na gan shi ina tare da Baba. Tram ta tsaya, mutane suka zubo, sai ga shi a cikinsu da rigar aiki mai ɗaukar ido, jaka a kafaɗa. Ya rame, furfura ta fito masa a gemu. Yayana da ya bar gida ba ko gashin baki. Na yunƙura zan tashi, Baba ya damƙe mini wuyan hannu. Ban san tsohon yana da sauran ƙarfi haka ba. Bai juya kansa ba, bai motsa ba, carbin ma ya tsaya. Yaya ya wuce ta gabanmu, tsakaninmu bai fi faɗin titi ba, ya sha kwana ya ɓace.

"Baba, don Allah! Ga shi nan fa!"

"Na gan shi. Ai na daɗe ina ganinsa."

Ashe ya yi kwanaki yana ganinsa bai faɗa mini ba. Na fashe da kuka a bainar jama'a. Na ce to me muke jira, sai jirgi ya tashi? Ya ce yana jira ne babban namu ya saba da ganin bencin da mutum a kai, in ya saba zai matso da kansa. Na ce ko sunansa ka kira, sau ɗaya, zai juyo. Ya kalle ni, bakinsa ya motsa, na rantse ya gwada. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Uwata, bakina bai san hanyarsa ba."

Har ranar da za mu tafi filin jirgi sai da ya je ya zauna. Yaya bai matso ba. Baba ya koma gida da ido biyu masu gani, yana gaya wa mutane London ta yi masa kyau. Bayan tafiyarsa na ɗauka alkawari ya sauka daga kaina, na je tashar na tsaya a ƙofar tram ɗin kamar yadda na so tun farko. Ban same shi ba. Mahaucin ya ce shi ma ya daina ganinsa.

Baba ya rasu da damina ta zagayo, zazzaɓi ne na ɗan lokaci. Muka yi zaman makoki a flat ɗina, mutanen arewa suka yi ta shiga da fita da kulolin abinci. Bayan an watse, wata rana da yamma ina wanke kofuna aka buga ƙofa. Na buɗe na ga Yaya. Wai rannan ya bi ta wurin mahaucin, a can ya ji rasuwar.

Duk maganganun da na tara masa shekara da shekaru, ko ɗaya ba ta fito ba. Ya cire takalmi ya shigo ya zauna a ƙasa. Muka yi wa juna gaisuwar rashi kamar baƙi. Na kawo masa ruwa bai sha ba.

"Na gan shi," ya ce. "Tun ranar farko na gan shi. Wa zai sa wannan hular a Croydon in ba Baba ba?"

Ya ture kofin ruwan gefe, ya ci gaba.

"An canja mini site, aikin ya koma wani wuri. Amma kullum in na tashi sai in hau tram in zagayo ta nan, don in wuce ta gabansa. Na ce in ya kira ni, ya yafe mini maganar Inna. In bai kira ba, ya zo ne kawai ya ga abin da na zama. Kullum ina rage tafiya. Bai kira ba."

Na ce, "Shi kuma yana jira ka matso."

Ya rufe fuskarsa da tafin hannu. Na zauna ina kallon ƙaton mutum mai furfura yana kuka ba sauti, na rasa wanda zan ji wa haushi a cikinsu. Mutum biyu masu hali ɗaya, kowa yana ba ɗan'uwansa hanya har lokaci ya ƙare.

Can ya ɗago ya ce, "Akwai abin da nake yi. In na zo daidai bencin, in ba kya nan, sai in durƙusa kamar ina ɗaure takalmi. Gaisuwata ke nan, ban iya wuce shi a tsaye ba. Kina ganin ya gane?"

Sai a lokacin wata magana ta dawo mini. A filin jirgi, ana shirin tura Baba a keken tsofaffi, ya jawo ni ya faɗa mini ita, ni kuwa na ɗauka ruɗin tsufa ne, na ce to kawai. Na gaya wa Yaya yadda ya faɗe ta, ban ƙara ko kalma ba: "In kin samu babban naku, ki ce masa ya bar wahalar da gwiwarsa a kan siminti. Na amsa."

Yaya ya ce in sake faɗa. Na sake. Ya tambaye ni ina alƙibla take a ɗakin, na nuna masa, na shiga kicin na rufe ƙofa don kada ya ji ina jin sa.