Dardumar da Ke Bayan Gadon Yaya Mairo

Ban taɓa mantawa da ranar da muhandis, wato injiniya, ya danƙa mini na'urarsa a hannu ba, ni Dije da ban taɓa zama a aji ba. Bayan korona ne, an riga an rushe gefenmu na unguwar Hindawiyya a nan Jidda mun watse, a zafin da ya biyo bayan auren autata. Ku da kuka shigo dillancin gida yanzu ku saurara, don na fara sana'ar nan tun kafin ruwan da ya ci Jidda, lokacin iyayen wasunku ko zance ba su fara ba.

A da in na kai mutum ganin gida, mu zaga ɗakuna, ya ƙwanƙwasa bango, a sha shayi, a shafa fatiha, halas, an gama. Yanzu ba haka ba ne. Dole mai gida ya faɗi aibin gidansa a rubuce, dillalin da ya sani ya ɓoye kuma, wuyansa ne. Shi ya sa na koma ƙarƙashin ofishin ɗan ƙanwata, shi ke da lasisi, ni ke da ƙafa da sanin mutane. Mai saye kuwa yakan kawo muhandis ya yi wa gidan bincike. Ya duba ko an sa wa bango azal, wato abin da ake cusawa a ciki ya tare zafi, ya duba tagogi da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, da wayoyin wuta, sannan ya rubuta yadda gidan zai ci lantarki. A garin nan wannan ba ƙaramin zance ba ne. Gidan da bangonsa ke shan rana, mukayyif ba ya hutawa, mai gidan ma haka.

Gidan da nake ba ku labari a unguwar Sharafiyya yake, na marigayi Alhaji Sule direba, haifaffen nan. Da ya rasu 'ya'yan suka yarda a sayar, uwarsu Yaya Mairo ta koma wurin babbansu, Azizu, in ta fita takaba. Ni na kawo mai saye, Usman, mai yara ƙanana. Ya ce zai jira ta gama takabarta, amma a yi binciken yanzu, don in babu cikakkiyar takardar muhandis ba zai ci gaba ba.

Muhandis Majid ya zo da hantsi, saurayi marar yawan magana. Ya hau rufi, ya sauko, ya bi ɗakuna ɗaya bayan ɗaya. Saura ɗaki guda, sai Azizu ya tsaya a ƙofar.

"Ummi ce a ciki, tana takaba. Rubuta shi kamar sauran, ya muhandis, ai bango ɗaya ne."

"Ma'alesh, yi haƙuri," in ji Majid, "abin da ban gani ba, ba na rubuta shi. Sai dai in rubuta cewa an hana ni ɗaki ɗaya."

To ni na yi takaba da kaina, ban ji malamin da ya ce mai takaba ba ta komawa falo ba. Na yi sallama na shiga. Wallahi kamar na shiga tanderun gurasa. Mukayyif a kashe, Yaya Mairo na zaune bakin gado da mafici, gumi ya jiƙa mata wuya.

Na ce, "Yaya, wannan wace irin azaba kike wa kanki?"

"Ƙafa ce, Dije. Ba ta son sanyi."

"Ke? Ke da a gidan biki kike ture mutane daga inda iska ke bugawa?"

Ba ta yi dariya ba. Cewa ta yi namiji ba zai taka ɗakin nan ba sai ta cika kwanakinta.

Na fito na ce wa Majid, "Koya mini na'urar nan taka mai ganin zafin bango, ni in shiga da ita." Ya dube ni, ya ga ba wasa nake ba. Ya nuna mini yadda ake ɗaga ta a fuskanci bango: shuɗi sanyi ne, ja zafi ne, duk abin da ta gani kuma yana fitowa a wayar hannunsa. Ya kira ni khala, wato inna, ya ce, "Amma khala, wannan don in leƙa ne kawai. In na ga abin da bai kwanta mini ba, sai na shiga da ƙafata. Ki fara kunna mukayyif, don wayar lantarki ba ta nuna zafinta sai wuta na bi ta ciki."

Na koma ɗakin. Ina miƙa hannu wurin makunni, Yaya Mairo ta cafke mini tsintsiyar hannu.

"Don girman Allah, Dije, kar ki kunna."

Idonta na kan wata darduma da aka rataya a bango bayan gadon. Na ɗaga ta. Bangon ya yi baƙi ƙirin, kamar gindin tukunya.

Sai ta fashe da kuka. Ta ce Alhaji ne ya ja wayar mukayyif ɗin da hannunsa, ya ƙi kiran mai gyara. Yini ya yi a kai, da ya gama ya kira ta ta zo ta ji sanyi, yana ta fara'a kamar ya gina gidan sabo. Tun kafin ya kwanta ciwo take jin ƙauri, ta daina kunnawa, ba ta gaya wa kowa ba. "Yanzu a rubuta a takarda aikinsa ya ɓaci, ƙasa ba ta bushe a kansa ba?"

Na zauna kusa da ita, na bari ta yi shiru. Sannan na ce, "Yaya, a ɗakin nan Usman zai kwantar da 'ya'yansa. Su ba su san kar a kunna ba. Na riga na gani, kuma ko kin so ko kin ƙi zan faɗa masa, don ni na kawo shi. Amma na fi so ki buɗe ƙofar da kanki." Na ɗaga murya na ce, "Ya muhandis, a takardar taka akwai inda ake sa sunan wanda ya ja waya?"

Daga waje ya ce, "Babu, khala. Bango nake rubutawa, ba mutum ba."

Ta jima tana juya maficin. Can ta miƙe, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta nufi falo. "Ce masa ya shigo. Ya cire takalmi."

Majid ya kunna na ɗan lokaci, ya kira ni in gani. Jan layi ne ya bi cikin bangon har ya nufi ɗakin kusa. Nan take ya kashe, ya je ya sauke wutar ɓangaren gaba ɗaya. Da zai fita ya tsaya a ƙofar falo, kansa a ƙasa, ya ce, "Ya ummi, wanda ya ɗaura mukayyif ɗin nan ya ɗaura shi daidai. Waya ce kawai ta yi masa siriri." Na ji ta ce, "Ai da ma ya iya."

Azizu ya tare ni a tsakar gida. "Khala Dije, kin kashe mana ciniki." Na ce, "Tsaya nan ka ji." A gabansa na kira Usman na faɗa masa komai, har da bangon yamma da muhandis ya rubuta babu azal. Usman ya ce a sauya wayar, a sake dubawa, yana nan a kan bakansa. Haka aka yi. Yaya Mairo ta ƙarasa takabarta cikin sanyi.

Abin da na koya shi ne, ba duk mai ɓoye aibin gida ne macuci ba, wani mutuncin nasa yake karewa. Ku lallashe shi, ku nema masa hanyar da ba zai ji kunya ba, amma ƙofar nan sai an buɗe ta. Muhandis kuma ba abokin gabarku ba ne.

Yaya Mairo ta rasu azumin da ya wuce. Majid na ji ya bar garin. Azizu yana nan, in ya gan ni har mota yake tsayarwa. Usman yana gidan, yaran sun shiga makaranta. Ni ma ga ni. Dardumar kuwa ita ta ba ni ranar da ta tashi, bayanta da tabon ƙuna, kuma a kanta nake salla.