Ƙasar da Na Zubar a Cheetham Hill

Jiya matata ta yanka lemun tsami a kan wani tsohon faranti na ƙarfe, warin ya taso ya same ni a falo. Na haura shekara hamsin, ina tuƙa bas a Birmingham, har na aurar da 'ya, amma warin lemun tsami a jikin ƙarfe bai daina mayar da ni yaro ɗan shekara goma a bayan gidanmu na Manchester ba. Ka yi haƙuri da ni, mai karatu, karatuna bai yi nisa ba. Wani kaya ne na daɗe ina ɗauke da shi, nake so in sauke.

Ina da shekara shida aka kawo mu daga Kano, ni da Inna, muka tarar da Baba yana aiki a wani babban ɗakin ajiyar yadudduka a Cheetham Hill. Gidajen unguwar a jere suke, na jan bulo, bango ɗaya ke raba ka da maƙwabci. Abin da na fi tunawa shi ne yayyafin da ba ya ɗaukewa, da warin hayaƙin kwal da ke kama tufafi ko an wanke su.

Maƙwabcinmu na hannun dama wani tsoho ne ɗan ƙasar Poland, dogo, mai ɗingishi kaɗan, matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya tana zuwa jefi-jefi. Ranar da muka iso, yana tsaye a bakin ƙofarsa ya ji Inna tana yi mini faɗa, sai ya ƙame ya ce, "Sannu da zuwa, uwargida. Ya gajiya?" Saura kaɗan Inna ta yar da ƙullin da ke hannunta. Ashe lokacin babban yaƙin duniya, bayan an ci ƙasarsu, an tura shi horar da sojoji a arewacin Nijeriya, can ya tsinci Hausar bariki. Ko gaisuwa zai yi, kamar yana ba da umarnin fareti. Baba yakan yi dariya ya ce, "Kai dai Hausarka ba ta san lallashi ba." Shi kuma ya ce, "Malam, sajan ne ya koya mini, ba budurwa ba." Mu dai Baba Soja muke ce masa. Da azumi Inna ba ta taɓa mantawa da kwanonsa ba, shi kuma idan sanyi ya tsananta yakan turo mana kwal a bokiti.

Yana da wani akwatin katako a ƙarƙashin gado. Duk shekara idan ganyaye suka fara zubewa, yakan fito da shi, domin akwai ranar da tsofaffin sojojin ƙasarsu ke haɗuwa a cocinsu, kowa da lambobinsa a ƙirji. A ciki akwai lambobin yabo, da maɓallan kakinsa, da wata mikiya ta ƙarfe mai kambi wadda suke maƙalawa a goshin hula. Akwai kuma wani ɗan gwangwanin taba da ya yi baƙi ƙirin.

A shekarar da nake ba ka labari, hannunsa ya fara rawa, ba ya iya goge komai. Ya sha ganin yadda farantan Inna ke ƙyalli, don da tokar murhu da lemun tsami take dirje su kamar yadda ta saba a gida, sai ya miƙa mini akwatin gaba ɗaya ya ce, "Yaro, kai wa gidanku. Lambobi da maɓallai, a yi musu irin na uwargida." Lambobi da maɓallai ya ce. Bai ambaci gwangwani ba.

Na zauna a bayan gida a ƙarƙashin rumfar kwano, ana yayyafi, na dirji komai har ina ganin fuskata a jikin mikiyar. Da na gama, sai idona ya kai ga gwangwanin. Na ce a raina, bari in ƙara da wannan don a yabe ni. Da ƙyar murfin ya buɗu. Ƙasa ce a ciki, busasshiya, mai haske kamar garin gero. A gidanmu an koya mini cewa ba a mayar wa mutum kwanonsa da datti, don haka ban yi wani tunani ba, na juye ta a rariya, na bi da ruwa, na kama dirza.

Inna ta fito shanya da bokitin wanki, ta gan shi a hannuna.

"Me ke ciki?"

"Ƙasa ce kawai, na zubar."

Ta ajiye bokitin a hankali. Ta dubi rariyar, ta dube ni. "Kai, mutum ba ya ɗauko ƙasa ya kulle a akwati tare da lambobinsa haka kawai. Tashi yanzu ka je ka faɗa masa da bakinka."

Zubarwar kuskure ce ta yaro, ban taɓa tuhumar kaina a kanta sosai ba. Abin da na yi bayan nan shi ne laifina. Da Inna ta koma ciki, na tona gindin katangarmu da cokali, na ɗebi ƙasa, na busar da ita a bakin murhu, na murje ta, na cika gwangwanin. Baƙa ce, ƙasar Manchester mai haɗe da tokar kwal. Na lallashi kaina cewa ƙasa ai ƙasa ce.

Da na kai masa akwatin, ya yi ta juya lambobin yana murna. Sai ya ga gwangwanin yana ƙyalli, murmushin ya tsaya. Ya zauna a bakin gado, ya buɗe, ya ɗebi kaɗan tsakanin yatsu biyu ya murza. Sannan ya ce mini, cikin Turancinsa mai nauyi, mahaifiyarsa ce ta ɗebo masa daga gindin bishiyar ƙofar gidansu ranar da zai tafi yaƙi. Bai sake ganinta ba. Garin nasu ma bayan yaƙi an ja iyaka ya faɗa cikin wata ƙasa, ba shi da inda zai koma. Ya ce al'adarsu ce, wanda ya mutu a baƙon wuri a zuba masa ƙasar gida a kabari, kuma 'yarsa ta san abin da za ta yi. Ya ambaci sunan garin sau ɗaya, suna mai wuyar faɗa, ni kuwa tsoro ya toshe mini kunne, ban riƙe ba.

Ya rufe murfin ya ce da Hausa, "Sannu da aiki, yaro."

Har yau ban san ko ya gane ba. Na koma gida Inna ta tambaye ni, na ce na faɗa masa, ya ce ba komai.

Shekara uku ya yi bayan nan. Ina kai masa abinci, ina yi masa aike, yana koya mini yadda soja ke ɗaure takalmi. Sau nawa na buɗe baki zan faɗa, sai in tambaye shi ko yana son shayi. Ya rasu a tsakiyar sanyi. Baba ya je jana'izar ya tsaya daga gefe, ya dawo yana karkaɗe ruwa daga kwat ɗinsa yana cewa, "Allah sarki, 'yar tasa ta buɗe wani ɗan gwangwani ta zuba masa ƙasar garinsu. Duk tsofaffin nan sai da suka yi hawaye." Inna tana tuƙa tuwo, ta tsayar da muciya ta dube ni. Ba ta tayar da zancen ba, ko ranar, ko a shekarun da suka biyo.

Daga baya aikin Baba ya ƙare muka koma Sparkhill a Birmingham. Da na girma sai na tsinci kaina ina yawon kasuwannin masu tara tsofaffin kayan soja, ina neman na Poland. Yanzu ina da kabad guda cike da mikiyoyi da maɓallai da hotunan samarin da ban sani ba. Jikokinsu ne ke fitar da su idan ana kwashe gidan mamaci. Masu wannan harka suna da ƙa'ida, ba a goge tsohon abu, baƙin da ke jikinsa shi ne shaidarsa. Ranar da wani dattijo ya fara gaya mini haka, na rasa inda zan sa idona. Sau ɗaya na samu gwangwani da ƙasarsa a ciki, na yi niyyar kai ta kabarin Baba Soja, har na hau jirgin ƙasa. A hanya na gane cewa wata uwar ce ta ɗebo wa wani ɗan daga wani garin, ƙarya ta biyu zan zuba masa. Na dawo da ita. Na nemi 'yar Baba Soja kuma, aka ce ta riga mu gidan gaskiya.

Inna ta rasu bara. Kullum burinta a binne ta a Kano kusa da iyayenta, Allah bai nufa ba. Kwana biyu kafin ta cika, ina zaune a gefen gadonta a asibiti, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Ba ka faɗa masa ba, ko?" Na ce, "Ban faɗa ba, Inna." Ta ce, "Ƙaryar da ka yi mini na yafe tuntuni. Nasa haƙƙin kuwa ba a hannuna yake ba."

Da muka sa ta a kabari na duƙa na ɗebi ƙasa don in zuba, laka ce mai sanyi, tana manne wa hannu, ƙasar da Inna ba ta taɓa taka ta babu takalmi ba. A nan ne, bayan shekaru arba'in, na san girman abin da na juye a rariya.

'Ya'yana a nan aka haife su, nan ne garinsu, in na yi musu zancen ƙasar gida sai su ɗaga kafaɗa, kuma ban ga laifinsu ba. Cheetham Hill ma ta sauya, an daina ƙona kwal, layinmu an rushe shi. Ni dai duk shekara idan ganyaye suka fara zubewa nakan ɗauki hutun kwana ɗaya in tafi Manchester. Ba na kai komai. In je kabarinsa in tsaya a gaban dutsen da ke ɗauke da sunansa, in faɗa masa da Hausa, yadda ya kamata in faɗa tun ina ɗan shekara goma: Baba Soja, ba ta garinku ba ce, ta gindin katangarmu ce, ni na zubar da taka.