Ba Kashim, Mai Goyon Ƙanƙara Zuwa Ƙolin Dutse

"Mama, wannan ne tsohon da kika zaga a kan dutse?"

Rose ce, 'yata mai shekara bakwai, ta jefo wannan tambaya ranar Asabar da ta wuce, muna durƙushe a zauren Ba Kashim a unguwar Limanti ta Yerwa, ko gaisuwa ba mu gama ba. Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona. Laifina ne, ni na ba ta labarin a gida, na manta yaro ba ya ajiye magana. Tsohon ya dube ta, ya dube ni, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce lalle wannan amarya tasa za ta wahalar da shi, tun ba ta tare ba ta fara tone-tone.

E, shi ne. Shi ya sa na zauna nake rubuta wannan.

Ba Kashim ma'aikacin allurar rigakafi ne. A ƙarshen watan jiya ya yi ritaya, bayan shekara talatin da biyar. Duk wanda ya zauna a Limanti ya san fitarsa: da an idar da sallar asuba zai hau tsohon kekensa ya nufi ɗakin ajiyar magani. Kafin ya gaisa da mutum sai ya gaisa da firij. Ya ɗora bayan hannunsa a jikinsa, ya kasa kunne ya ji gurnaninsa, ya leƙa ma'aunin sanyi, sannan ya juyo ya ce wa abokan aikinsa wushe, wato sannu da Barbarci. Suna tsokanarsa cewa firij ɗin nan shi ne ɗansa na fari. Ba ya musu.

Haifaffen Yerwa ne, garin da za ka yi tafiyar yini ba ka ga tudun da ya wuce suri ba. Amma duk shekara in sanyi ya shigo aka zo rabon aikin ƙauyukan da ke saman duwatsun ƙasar Gwoza, sai matasa su fara kawo uzuri, wannan gwiwa, wancan matarsa ta kusa haihuwa. Ba Kashim ne ke miƙa hannu ya ɗauki takardar. Yakan naɗe akwatin sanyin da ake sa maganin allura da ƙanƙara a ciki da bargo, ya ɗaure shi a baya da majanyin matarsa Ya Bintu, kamar yadda muke goya jariri. Matan dutse sun daɗe suna yi wa namiji mai majanyi dariya. Daga baya sai suka koma leƙen hanya suna jiran majanyin.

A bangon zaurensa akwai shafin wata kalanda ta 1979, watan Disamba, ta yi jajir don tsufa. Hoton wani dutse ne fari fat da dusar ƙanƙara, kansa ya huda sama, ga mutum biyar ƙanana kamar tururuwa sun yi layi a gefensa, igiya ɗaya ta haɗa su, kowa da kaya a baya. Wurin da aka rubuta sunan ƙasar ya yage tuntuni, kuma ya ce ba ya son a faɗa masa. Ya Bintu ta ce duk ranar da zai tafi dutse sai ya tsaya gaban hoton nan da kofin shayi a hannu har shayin ya huce. In ta yi magana sai ya ce mata waɗancan masu sa'a ne, ƙanƙararsu tana jiransu a sama, shi tasa a baya yake kai ta.

Ga yadda na zage shi.

A Disamban 1986 na ɗauki Rose, tana da wata goma, daga gidanmu na unguwar Gomari a Yerwa zuwa ƙauyenmu da ke saman dutse, don mu yi Kirsimeti da mahaifiyata. Ba a yi mata allurar ƙyanda ba. Ranar da ya kamata in kai ta jikinta da ɗan zafi, na ce sai wani mako, wani makon kuma na ce in mun dawo. Kwananmu huɗu da isa ƙyanda ta ɓulla a gidajen da ke ƙasa da namu. Yayana Manasse ya sauka ya kai labari, aka ce mai majanyi yana tafe.

Muka taru a kan falalen dutsen da ake shanya dawa, mata sun fi arba'in, kowace da goyo. Rana ta yi tsaka ya iso, shi da Manasse mai ɗauke da jakar sirinji. Ashe motarsu ta lalace a daji tsakanin Bama da Gwoza, sun yini sun kwana a can. Shi kuma ƙa'idarsa ba ya buɗe akwati a hanya, don kowace buɗewa sanyi take fitarwa. Sai a gaban yara yake buɗewa. Ya kwance majanyi, ya warware bargo, ya ɗaga murfi, ya zura bayan hannunsa. Ya daɗe a haka. Da ya zaro hannun ruwa na ɗiga daga yatsunsa. Ya duba ɗan ma'aunin da ke ciki, ya sake dubawa, sannan ya rufe akwatin, ya ce ƙanƙara ta narke, magani ya mutu, ba zai yi wa kowa allura yau ba.

Ni ce 'yar birni a wurin, ni ce mai Hausa a baki, sai na zama bakin kowa. Na ce ga kwalaben nan muna gani lafiyarsu ƙalau, me ya same su? Na ce ko ruwa ne ya yi wa 'yata. Da ya girgiza kai, na kira shi mugun tsoho, na ce ya hawo dutse ne don ya yi wasa da rayukanmu, kuma in Rose ta mutu a wuyansa take. Wannan mutum a haife ya haife ni, amma a gaban jama'a na nuna shi da yatsa.

Bai ɗaga murya ba. Ya bari na gama, sannan ya ce:

"'Yata, in na yi mata yau, za ki koma ki yi barci da daɗi, gobe ki shiga da ita gidan da ciwon yake kina ganin an kare ta. Gara ki zage ni ki zauna da tsoronki. Tsoron nan shi zai tsare miki ita kwana biyu. Ni zan dawo."

Ya ce kowace uwa ta ware jaririnta daga gidajen masu ciwo, kada a kai shi gaisuwa, kada a kai shi bakin rijiya. Ko hutawa bai yi ba, ya sha ruwa, ya goya mataccen maganinsa ya sauka.

Na ɗauki Rose na koma wata bukka da ke can saman ƙauye, inda ake ajiye harawar awaki. Mahaifiyata takan ajiye mana abinci a kan dutse ta koma. Kwana biyu ina taɓa bayan kunnen yarinyar nan, inda ƙurajen ke fara fitowa, ina buɗe bakinta, ina duba ko idonta ya yi ja. Daga wurin ana ganin duniya shimfiɗe a ƙasa kamar tabarma, gonaki, hanya siririya kamar zare, shaho yana shawagi ƙarƙashin ƙafata. Ban taɓa ganin wuri mai kyau haka ba, ban kuma taɓa jin tsoro haka ba. A rana ta biyu kuka ya tashi daga gidajen ƙasa. Wani yaro da ciwon ya riga ya kama ya tafi. Na rungume Rose na ƙara zagin Ba Kashim a zuciyata.

Abin da ya faru a waɗannan kwanaki Manasse ne ya gani, don tare suka tafi. A Yerwa sun sami sabon magani, amma ba ƙanƙara, an kwana biyu ba wuta. Ba Kashim ya hau keke ya bi gari ƙofa-ƙofa, wajen masu kifi, wajen masu sayar da ruwan sanyi, ko'ina ruwa ne tsululu. Sai wajen Kasuwar Shanu ya sami wani mahauci, Hamisu, mai injin wuta. Da Hamisu ya ji inda za a kai, ya kwashe ƙanƙarar da ke kan namansa ya zuba masa, ya ce nama a soya shi.

Gari bai gama wayewa ba suka fara hawa, don su riga rana. Wanda bai san sanyin dutse a Disamba ba, ba zai gane ba: iska ce ke shiga ƙashi. Manasse ya ce a gindin dutsen Ba Kashim ya tuɓe rigar sanyinsa ya ƙara naɗe akwatin da ita a kan bargo, ya hau da singileti. Mutum mai shekara hamsin da 'yan kai. Sau uku Manasse na roƙonsa ya bari ya karɓa masa akwatin, sau uku yana ƙi.

Ni na fara hango shi daga bukkata. Wani ɗan ɗigo can ƙasa, yana ɓacewa bayan dutse, yana ɓullowa, yana tsayawa, yana ci gaba. Rana ta fito a bayansa, tururi na tashi daga kafaɗunsa kamar tukunyar da aka sauke. Na ɗauka mafarki nake yi. Da ya ɗaga murfin a kan falalen, wani farin hayaƙi ya fito ya kwanta a kan hannunsa, muka ji ƙanƙara tana ƙara a ciki. Wata tsohuwa ta fara guɗa, ta kasa ƙarasawa.

Jarirai arba'in da uku ya yi wa allura. Da layi ya zo kaina na sunkuyar da kai. Abin da ya ce kawai, in riƙe ta da kyau. Na riƙe ta, ya yi, na juya na tafi. Ban ce na gode ba, ban ce ya yafe ni ba. Kunya ta ɗaure mini baki, ta kuma ɗaure shi shekara bakwai, alhali Gomari da Limanti ba wata tafiya ba ce.

Da ya gama ya yi abin da aka ce yana yi a kowane dutse. Ya kwashi sauran ƙanƙarar, ya hau dutsen da ya fi kowanne tsawo a ƙauyen, ya farfasa ta ya baza a kansa. Yara suka bi shi, masu taɓawa na janye hannu, masu lasa na yamutsa fuska. Shi kuwa ya zauna a gefe, ya lulluɓa da jiƙaƙƙen bargonsa yana rawar sanyi, yana kallo. Na ɗan lokaci dutsenmu ya sa farar hula, tana walƙiya a rana. Sannan ta zama ruwa ta gangara.

Ba Kashim, na Ya Bintu, mai goyon sanyi. Kai ne ka hau dutse sau biyu don ka ƙi yin ƙarya sau ɗaya. Da ka tsira mana allurar nan ranar farko, ba wanda zai sani. Da mun yi maka guɗa, mun ba ka kaza, takardarka ta cika. Kai ne ka zaɓi zagin yarinyar da a haife ka haife ta a kan godiyar mata arba'in. Ba a sa sunanka a rediyo ba, ba a ba ka lamba ba. Abin da duwatsu suka bar maka gwiwoyi ne da ba sa lanƙwasuwa sai da ƙyar, da tarin da ke tashi duk sanyi. Amma Rose ba ta yi ƙyanda ba, ga ta tana aji biyu, bakinta ya fi ƙarfina.

Ranar Asabar ɗin, tunda 'yata ta riga ta fasa, sai na gyara durƙuso na ce, "Baba, ni ce. Ka yafe mini."

Ya ce ya sha zagi a kan duwatsu da harsuna sun fi bakwai, yawancinsu ma bai ji abin da ake cewa ba. Sannan ya ce, "Zagi bai taɓa hana ni barci ba, 'yata. Abin da nake tsoro shi ne uwa ta gode mini a kan allurar da ba ta da rai. Tashi, ƙasa da sanyi."

Rose kuwa ta riga ta tsaya gaban kalanda, ta ɗora yatsa a kan mutanen nan biyar, ta tambayi Ba Kashim ko sun kai sama. Ya ce shekara goma sha huɗu ke nan yana duba su kullum, har yau ba su kai ba, amma bai ga wanda ya sauke kayansa ba.

Mun gode, Ba Kashim. Allah ya ba ka lafiya, ya sa ka huta da daɗi. Ku kuma matasan da kuka gaji akwatinsa, majanyin yana nan rataye a zaure, sanyi kuma ya kusa shigowa. Wani ya je ya karɓa.

Ke kuma uwa 'yar'uwata da ke karanta wannan, ki ji ni da kyau. Kada ki ce sai wani mako, ni na faɗi haka na kusa rasa 'yata. In kin kai yaronki allura, ki matsa kusa ki kalli cikin akwatin da idonki. In ba ki ga ƙanƙara ba, ki gyara goyonki ki koma gida, ko waye ke riƙe da sirinjin. In kuwa mai allura ya rufe akwatinsa ya ce miki ki je ki dawo, ki kama bakinki. Wannan ne mai son ɗanki ya rayu.