Matar da Ke Auna Kawuna a Ɗaki Mai Duhu

Sabon likita ya ce shi hannunsa ya fi na'ura. Wai da ya dafa ciki ya san girman kan ɗan da ke ciki. Kwas na mako uku ya yi, ya dawo da wannan hannu.

Anti Mai Sikanin ita ce mai ɗaukar hoton ciki da na'ura a asibitin. Shekara ashirin da biyu tana ɗakin ƙarshe, labule a sake, fitila a kashe don allo ya fito. Takan ɗumama man shafawa a tafinta kafin ta sa wa mace a ciki, ta zagaye kan ɗan tayi sau uku, ta rubuta. Abincinta nan take ci, ita da fanka. In an haihu, ungozoma ake kai wa jariri ta gani. Wa zai tuna fuskar da ya gani a duhu?

Amma kullum da safe sai ta leƙa ɗakin haihuwa ta tambayi awon kan jariran jiya, ta gwada da nata. In ta kuskure, ranar ko gaisuwa da ƙyar.

Yayata 'yar firit ce, ƙugu kamar na yarinya. Da cikinta ya tsufa, Anti ta auna, ta sake, ta ce kan zai kai santimita talatin da bakwai, ba zai wuce ba.

Likita ya dafa, ya lumshe ido. "Talatin da uku. Da kanta za ta haihu. Anti, ki tsaya a hotonki."

"To, likita," in ji ta. Ta ɗauki takardar, ta hau bene da ciwon gwiwarta, ta tsaya ƙofar babban likita har ya duba. Aka yi wa yayata aiki.

Anti, ke ce kika fara ganin kawunan rabin yaran unguwarmu, ba wanda ya san ki. Ƙarshen wata za ki ajiye aiki. Mun gode. Masu tasowa, ku koyi auna abu sau uku kafin ku buɗe baki.

Yaya tana raye, ɗanta ma. Da ungozoma ta naɗa masa tef a kai, ta karanta: "Talatin da bakwai."

Likita ya ce tef ɗin ne bai da kyau.

"Naka ne, likita," in ji ungozoma. "Kai ka miƙo min."