Wa Ke Jin Yaren Ban Da Kai?

Jiya a ofis muna gardamar yaren kwamfutar da za mu rubuta sabuwar manhaja da shi, sai wani ya shigo da gasasshiyar masara. Ƙamshin ya mayar da ni Sheme, zauren Kawu, wanda bana shekararsa uku da rasuwa.

Kawu ba ya sayen injin ban-ruwa sai ya ji wa ya iya gyaransa nan kusa. Wata damina na same shi yana gasa masara, yana juya ta da yatsu kamar garwashin ba ya ƙuna. Na buɗe kwamfuta ina shirya wa ƙungiyar manomansu manhajar rabon taki, na ce masa na zaɓi sabon yaren da duniya ke yayi.

"Au, ita ma na'urar yare gare ta?" Ya yi dariya, ya karya masarar ya miƙo mini rabi. "To tsakanin nan da Faskari, wa ke jin shi ban da kai?"

"Babu, Kawu."

"In ka tafi fa, ɗan nan?"

Na ce manhajar ba ta lalacewa. Bai musa ba. Bayan na koma birni, manhajar ta tsaya ana tsakiyar rabo, aka rasa mai taɓa ta. Har ya rasu bai tayar mini da zancen ba.

Jiya na zaɓi tsohon yaren da kowa a ofis ya iya. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya rufa masa asiri yadda ya rufa mini.