Goggo Sabulu a Ɗakin Tausa

Katangar da ta raba ofishin shugaban kulob da ɗakin canza kaya ba ta da kauri, shi ya sa iyayen da suka zo ɗaukar 'ya'yansu bayan atisaye suka ji komai.

"Wanki aka ɗauke ki yi, Goggo, ba gadi ba!" Muryar shugaban ce.

"Ai wankin nake yi, ranka ya daɗe. Ninkin kaya kawai na mayar ɗakin tausa. Can ya fi iska."

"Ɗakin da ko taga ba shi da ita?"

"Ni dai iskarsa ta yi mini."

Shekara goma sha ɗaya ke nan tana wanke rigunan ƙwallon yaran kulob ɗin, tun rasuwar mijinta direban tanka. Yaran ne suka sa mata Goggo Sabulu, saboda tafin hannunta duk ya tsattsage. Ba ta san dokar ƙwallo ko ɗaya ba, amma miƙo mata riga ta gaya maka mai ita: wannan mai tauna wuyan riga ne, wancan da ita yake share majina.

Bara aka kawo sabon koci, ya zo da tsarinsa. In an tashi atisaye sai ya kira yaro ɗaya ɗakin tausa, ya tura ƙofa, wai a sassauta masa jijiya. Kulob ya fara cin wasa, kowa ya ce tsarin ya yi.

Sai mai tsaron ragar kulob ɗin, ɗan shekara goma sha biyu, ya daina tuɓe riga a gaban kowa. A kan tasa ta gida yake ɗora ta ƙwallo, in an tashi ya cillo mata daga nesa ya wuce. Da can shi ne mai tsokanarta har sai ta bi shi da ruwan kumfa. Ba ta ga komai da idonta ba, kuma ba ta taɓa cewa ta gani ba. Washegari dai ta ɗauki kujerarta da bahon kaya ta shiga ɗakin tausar ta zauna. Koci ya ce ta fita, ta ce ya ci gaba da aikinsa, ita kurma ce. Kwana tara tana zaune, tausar da ke cin rabin awa ta koma minti biyar.

Wasu sun ce haushi ne, don koci ya taɓa cewa wankinta na wari. Gaskiya ne, ta riƙe shi, ba ta yafe ba. Amma tana da ƙane da ya bar dambe yana ɗan shekara goma sha uku, rana ɗaya, bai faɗi dalili ba. Ita ke masa wanki a lokacin, ta lura da irin wannan canjin a tare da shi, ba ta tambaya ba. Yanzu ya haura arba'in, bai kuma taɓa kai ɗansa kowane filin wasa ba.

Shi kuwa shugaba ba mugu ba ne. Masu farautar 'yan wasa za su zo wata mai zuwa, ba ya son ƙura ta tashi. Iyayen ma da ke sauraro, kowa ya riga ya hango ɗansa a talabijin, shi ya sa ba wanda ya ko yi tari.

"Ajiye makullan sito, ki tafi," in ji shugaba.

Suka ji ƙarar makullai a kan tebur. Ta fito tana gyara ɗankwali, ta tsaya a bakin ƙofa ta bi su da ido ɗaya bayan ɗaya.

"Kun dai ji, an sallame ni. Kafin ku watse, ku shiga ku tambayi shugaba. Ɗansa lamba tara yake bugawa, kullum sai an kayar da shi ƙasa. Me ya sa shi kaɗai ne jijiyarsa ba ta taɓa neman tausa ba?"